Haruffan da Ke Gudu a Jikin Tambari

Duk wanda ya taɓa ganin motar DHL ya ga dabarar: jajayen haruffa uku masu kauri, sun karkata dama a kan rawaya, ga layuka ta gefe. Ko a tsaye motar take, ido sai ya ɗauka tafiya take yi. Abin da kamfanin aika saƙo ke so a ji ke nan.

Kaurin yana sa a hango sunan daga nesa, karkatar tana nuna hanzari. Haruffan kuma ba su da 'yan ƙafafun nan na ado irin na Times New Roman. Fitacce a wannan gida shi ne Futura, wanda Bajamushe Paul Renner ya zana, ya fito a 1927. Da karkataccensa mai kauri kamfanin tufafi na Supreme, wanda aka kafa a New York a 1994, ya rubuta sunansa da fari cikin jan akwati, salon da aka fi sanin mai zane Barbara Kruger da shi.

Sai dai kalma ɗaya ko biyu wannan salo ya dace da su. A cika shafi da shi, ido ya gaji. Yayi ma na juyawa, domin a 2022 MTN ta miƙar da haruffanta da suka daɗe a karkace.

Mai zana allon shago da Hausa yana da ƙarin aiki. Yawancin irin waɗannan haruffa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro daga wani wuri, harafin ya fito bare a tsakiyar kalma. Kafin a biya kuɗin bugu, a gwada rubuta "ƙarfe" a gani. Salon haruffa na Noto Sans yana da dukkansu.