Labarina A Bakin Wata

'Yan uwana mata, kun san irin ƙawar nan ko 'yar uwa da za ki ba ta sirrinki, gobe ki ji ya zama nata? To ni ganau ce.

A gidanmu na Ƙaura Namoda, kusa da tashar da layin dogon Zariya ya ƙare, na zauna da ɗiyar goggona ina kuka, na gaya mata yadda saurayina ya tafi karatu Sakkwato bai sake waiwayata ba. Bayan wata uku muka je biki Shinkafi, sai ga ta tsakiyar 'yan mata tana ba da labarin, har turaren da ya bar mini, har da hawayenta!

Na ce, "Ke, yaushe anka yi haka?"

Ta ce, "Yo ba daɗin hira ba ne?"

Daɗin hira ya kai Zurmi, kunnen dangin wanda zai aure ta. Suka ce ashe da wani a ranta, suka fasa. Wallahi ban yi murna ba, don mu marubuta ma mukan ɗebi na mutane mu zuba a littafi. Har yau goggo ba ta san labarin nawa ne ba, ni kuma na kasa faɗa mata.