Masu Kunnen Kasuwa: Mai Shagon Fim a Katsina da Hasashen Abin da Zai Karɓu

Kafin a fara tura fim a waya, akwai wata sana'a a Katsina da ribarta da asararta suka rataya a kan tambaya ɗaya: guda nawa zan ɗauko? Mai shagon kaset yakan yi sammako ya shiga motar Kano, ya nufi Ƙofar Wambai ko Bata, inda manyan dillalan fim suke. A tsarin wancan lokaci ba kaset furodusa yake sayarwa ba. Yakan miƙa wa dillalai uwar kaset, shi kuma ya buga kwali mai hotunan 'yan wasa, kwalin nan shi ne hajarsa. Dillali ya sayi kwali, ya naɗi fim a kaset ɗinsa ya zura a ciki, sannan 'yan sari daga Katsina da Gusau da Maraɗi su zo su ɗiba. In fim ya karɓu, ɗan sari ya ciji yatsa don bai ɗauko da yawa ba. In ya yi kwantai, ya zuba wa jarinsa ido yana shan ƙura a kan kanta har wani sabon fim ya zo ya binne shi.

Abin lura shi ne yawanci bai ga fim ɗin ba lokacin da yake zuba kuɗinsa. Ba shi da lokacin zama kallon awa biyu a shagon dillali, ga motar komawa tana jira. Dole ya yi hasashe, kuma babban abin da yake dogara da shi waƙa ce.

Fim ɗin Hausa na waɗancan shekaru, tun bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990 harkar ta yi ta bunƙasa, ya rikiɗe ya zama wasan kwaikwayo mai tafe da waƙa da rawa. Waƙar kuwa ita ke riga fim fitowa. Kaset ɗin waƙoƙin yakan shigo kasuwa tun fim yana ɗakin tacewa, tallarsa kuma tana manne a farkon wasu finafinan. To a nan mai shago yake aikinsa na gaskiya. Zai fito da lasifika bakin ƙofa, a Babbar Kasuwa ne ko a wajejen Ƙofar Ƙaura, ya sa sabuwar waƙa, ya zauna a benci kamar ba ruwansa. Idonsa yana kan titi. Ɗan acaɓa ya rage gudu ko bai rage ba? Yarinya mai tallar gyaɗa ta sauke farantinta ko ta wuce? Bayan kwana biyu, yara suna maimaita amshin a lungu ko sun mance? Ma'aunin da ya fi duka shi ne yaron da aka aiko daga cikin gida, riƙe da kuɗi a dunƙule, ya ce, "Yaya, wai in ji Umma fim ɗin mai waƙar nan ya fito?" Bai san sunan fim ba, bai san darakta ba, sai ya ɗan rera amshin don a gane. In irin wannan aike ya yawaita a mako guda, mai shago ya san ya ninka sarinsa, domin matan aure na cikin gida su ne ƙashin bayan kasuwar, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Fim ɗin da ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa kunnensu bai yi ƙarya ba shi ne Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999 da Ali Nuhu da Fati Mohammed. Labarinsa ba wani sabon abu ba ne, ɗan sarki da 'yar aikin gidan sarauta, amma kiɗan fiyanonsa ya cika gidajen biki da tashoshin mota tun kafin mutane da yawa su gan shi. Wasila na Yakubu Lere ya biyo baya a 2000. Daga nan dillalai suka daina tambayar me labarin ya ƙunsa, suka koma tambayar waƙa nawa ce a ciki, wa ya rera, su wa suka hau ta. Har aka kai furodusa yakan fara ɗaukar waƙoƙin, ya haɗa talla, ya kai wa dillali don ya samu kuɗin da zai ɗauki sauran fim ɗin.

A ganina a nan ne kunnen kasuwa ya yi wa harkar illa. Mai shago ya iya gane abin da ya yi kama da wanda ya ci kasuwa jiya, amma ba ya iya sa kuɗinsa a kan abin da bai taɓa ji ba. Shi ya sa aka yi shekaru ana maimaita saurayi ɗaya da 'yan mata biyu a cikin lambu, ana sauya kaya sau uku a waƙa guda. Ba zan ɗora masa laifin duka ba, don wanda jarinsa bai wuce abin da ke kan kanta ba ba shi ne zai yi gwaji ba.

Masu sharhi fa? Akwai su, kuma ɗaya daga cikin manyansu ɗan jihar nan ne. Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a watan Maris na 1999, kafin ita akwai Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, inda sunan Kannywood ya fara bayyana. Masu shaguna suna sayar da mujallun, suna kuma karantawa, sai dai ba hukuncin mai sharhi suke nema ba. Suna duba wa aka sa a bango, wace jaruma ce za ta yi aure, wa ya ɓata da wa, domin jarumar da ake maganarta a wannan wata ita ce fuskarta za ta sayar da kwali. Mai sharhi zai rubuta cewa fim kaza wankin na Indiya ne tun daga farko har ƙarshe, ya kawo sunan na asalin, kuma gaskiya ya faɗa. Mai shago ya karanta ya gyaɗa kai, ya ƙara sari, don ya san masu sayensa sun tashi da finafinan Indiya, wankin ba aibi ba ne a wurinsu. Ko suka daga kan mumbari wani lokaci talla takan zama.

Wannan saɓani tsakanin mai alƙalami da mai sayen tikiti ba a nan kaɗai yake ba. A birnin New York na Amurka akwai unguwar gidajen wasa da ake kira Broadway, inda ake kashe miliyoyin daloli a kan wasan daɓe mai waƙa da rawa. A daren da aka buɗe sabon wasa, masu shi sukan kwana jiran abin da jaridu za su ce, musamman New York Times, washegari kuma masana su hau lissafin ko wasan zai daɗe, ko zai samu kambun Tony da ake bayarwa tun 1947. Lissafin yakan ci, yakan kuma faɗi ƙasa warwas. Da aka buɗe Les Misérables a Landan a 1985, yawancin masu sharhi sun kushe shi, jama'a kuwa suka yi dafifi a wurin sayen tikiti, ga shi har yau ana yin sa. Wicked ya fito a 2003, sharhi ya rabu a kansa, a 2004 kuma Avenue Q ya ƙwace masa kambun gwarzon wasa, amma Wicked ya haura shekara 20 a kan daɓe. Na kusa da mu shi ne Fela!, wasan da aka gina a kan rayuwar Fela Anikulapo Kuti. An buɗe shi a Broadway a ƙarshen 2009, masu sharhi suka yaba ƙwarai, ya shiga takarar Tony a rukuni 11 ya ci 3, ciki har da na tsara rawa da Bill T. Jones ya karɓa. Babban kambun dai Memphis ne ya tafi da shi, kuma a farkon 2011 aka rufe Fela! a can, kafin a kawo shi Legas a shekarar.

Bambancin shi ne a can tikiti yana da tsada, don haka mutum yakan nemi shawarar jarida kafin ya fitar da kuɗinsa, sharhi yana da haƙora. A Katsina kuɗin kaset bai kai a nemi fatawa a kansa ba, kuma kaset guda yakan zaga gida biyar. Shawarar da ke aiki ita ce ta maƙwabciya ta kan katanga.

Batun kambu kuwa, tsohon mai shago zai gaya maka kai tsaye cewa ba layinsa ba ne. Alƙalan gasa suna duba hoto, sauti, tsarin labari da iya wasa, abubuwan da lasifikar bakin ƙofa ba ta aunawa. The Milkmaid, wanda yawancin maganarsa da Hausa ce, ya lashe kambun gwarzon fim a gasar AMAA ta 2020, Maryam Booth ta samu na mataimakiyar jaruma, Nijeriya kuma ta tura shi gasar Oscar. Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, da aka ɗauka a Daura, nan cikin jihar Katsina, shi aka tura a 2024, ko da yake bai shiga jerin 15 da aka tace ba. Finafinai ne da aka kashe musu kuɗi da tunani, amma ba irin waɗanda ake aiko yaro da amshin waƙa a bakinsa ya nema ba ne. Wanda ya karanta sharhin masana zai iya hasashen kambu fiye da mai shago, domin masu sharhi da alƙalan gasa kusan makaranta ɗaya suka yi. Hasashen kasuwa kuma sai wanda ya zauna a benci.

Akwai ma wata hanya ta uku da aiki ke daɗewa, wadda ba ta bi ta shago ba, ba ta bi ta gasa ba. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ya wallafa wasan Kulɓa Na Ɓarna a 1979, daga baya Brendan Shehu ya mayar da shi fim. Abin da ya raya shi aji ne da malamin Hausa, ɗalibai bayan ɗalibai. Ba mai lasifikar da zai hango wannan.

Yau kantar kaset ta zama tarihi, faifan CD ma ya bi ta. Magajin sana'ar saurayi ne mai kwamfutar cinya a ƙaramin shago ko ƙarƙashin lema, ga igiyoyin caji sun yi masa rawani a kan tebur, ana ce musu masu tura fim ko 'yan dawunlodin. Mai saye ya miƙa memori ko waya, ya ce, "Malam, zuba min sababbi," a 'yan mintoci a cika masa. Furodusoshi sun daɗe suna kuka da wannan hanya, don kwafi ɗaya yakan haifi dubu ba tare da sisi ya koma wurin mai fim ba. Shi mai turin ba ya sari, saboda haka kwantai ba ya karya shi, iyaka ya goge abin da ba a nema ya samu wuri. Duk da haka yana hasashe, domin data kuɗi ce, kuma wanda ya riga saukar da abin da za a nema gobe shi layi zai taru a gabansa.

Abin da ake nema ɗin ma ya sauya. Finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, irin na Algaita, sun ƙwace babban kaso. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, sannan Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka biyo baya, masu dogon zango suka mamaye wayoyi, kuma yawancinsu ba su dogara da rawa da waƙa ba. Waƙar ta balle ta kama gabanta, mawaƙa suna sakin nasu bidiyon a YouTube ba tare da jiran fim ba. Alamar da mai turi yake bi yanzu ita ce mutum nawa suka dawo da safe suna tambayar ko kashi na gaba ya sauka. In shiri ya kai kashi na huɗu ba wanda ya tambayi na biyar, yakan daina ɓata datarsa a kansa, ko da kuwa jarumin da ke ciki ya karɓo kambu a Legas a makon.