Ta fi maki amma aka bar ta a waje: rigimar ɗaukar 'yan sanda a kotunan Indiya

Ga rubutun shirinmu na wannan makon ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau Indiya za mu je. Mu nan mun saba ganin ɗan sandan Indiya a fim, irin su Singham, yana marin mutum ɗaya mutum biyar su faɗi. Abin da fim bai cika nuna mana ba shi ne yadda ake shiga aikin tun farko, da irin shari'o'in da ake tafkawa kafin wani ya saka kakin nan. Kuma tambayar da ake ta kai wa kotu guda ɗaya ce: idan gwamnati ta ware wa wasu mutane gurabe, sai ɗaya daga cikinsu ya ci makin da ya wuce na waɗanda ba a ware wa komai ba, a wane layi za a lissafa shi?

Sai mun ɗan koma baya kafin ku gane. A Indiya akwai tsarin nan na gado da ke jera mutane hawa-hawa tun daga haihuwa. Na can ƙasa, waɗanda yau ake kira Dalit, an yi ɗaruruwan shekaru ana ƙyamar ko taɓa su, ana hana su rijiya, makaranta da wurin bauta. Kundin tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950, wanda Dakta Ambedkar ya jagoranci rubuta shi, shi ma kuma Dalit ne, ya haramta wannan ƙyama a sashe na 17. Sashe na 16 ya ce kowa daidai yake wajen neman aikin gwamnati, sai kuma sakin layi na huɗu na sashen ya ba gwamnati damar ware gurabe ga al'ummomin da aka bari a baya. Duk shari'ar da za ku ji yau, tsakanin waɗannan maganganu biyu ake jan igiya.

Rukunan da ake ware wa gurabe su ne SC, wato Dalit. ST, wato ƙabilun asali na dazuka da tsaunuka. Sai OBC, sauran al'ummomin da ke baya a ilimi da matsayi. A aikin gwamnatin tarayya SC na da kashi 15 cikin 100, ST kashi 7.5, OBC kashi 27. Na OBC ɗin nan shi ya fi tayar da ƙura. Kwamitin Mandal ne ya ba da shawarar a 1980, Firaminista V.P. Singh ya aiwatar a 1990, ɗalibai suka cika tituna, har wasu suka cinna wa kansu wuta. A 1992 alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka zauna a shari'ar Indra Sawhney. Suka amince da kashi 27 ɗin, suka ce jimillar abin da ake warewa kar ta wuce rabi, sannan a cire 'ya'yan OBC da gidajensu suka riga suka yi maiƙo. Suka ƙara da wata magana da za ta yi mana amfani: wanda ya fito daga rukunin da aka ware wa gurabe, idan makinsa kaɗai ya isa ya ba shi aiki a buɗaɗɗen layi, to a can za a ƙirga shi, ba a cikin kason mutanensa ba.

To yanzu mu shiga jihar Uttar Pradesh. Jiha ɗaya ce amma mutanenta sun haura miliyan 200, kusan Najeriya guda kenan. A 2013 ta buɗe ɗaukar kuratan 'yan sanda, gurabe 41,610. A jihar, SC na da kashi 21, ST kashi 2, OBC kashi 27, saura kashi 50 na kowa da kowa. Wannan shi ake kira rabon tsaye. Sai kuma akwai rabon gicciye, wanda ke ratsa kowane layi: mata suna da kashi 20, akwai na tsofaffin sojoji da makamantansu.

Ku ɗauka gurabe 100 ne. Hamsin buɗaɗɗu, 27 na OBC, 21 na SC, 2 na ST. Rabon mata ba layi na biyar ba ne. Cewa aka yi a cikin hamsin ɗin nan a tabbatar akwai mata 10, a cikin na OBC ma a tabbatar akwai kasonsu, haka har ƙasa. Kun gane? Yauwa.

Ga inda gizo ke saƙa. Da aka zo cike kujerun mata na buɗaɗɗen layi, sai hukumar ta ce matan da ba sa cikin SC, ST ko OBC kawai za ta duba. Macen ƙarshe da aka ɗauka a wannan layi ta ci 274.89. Wata budurwa 'yar OBC ta ci 276.59, aka ce mata ta yi haƙuri, layinku na OBC ya cika, kuma kat-of ɗinku ya fi haka. Ta fi waccan maki, jarrabawa ɗaya suka zauna, gudu ɗaya suka yi, amma wadda ke ƙasa da ita ta tafi horo ita ta koma gida. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Abin da ya fi ba ni mamaki, mazan OBC da suka ci maki mai yawa an bar su sun haye buɗaɗɗen layi ba tare da wata gardama ba. Da aka zo kan mata ne ƙofar ta rufe.

Hukumar ba da ka ta yi ba fa, tana da madogara. Manyan kotunan jihohi sun rabu biyu a kan maganar. Ta Allahabad, wadda ita ce ta jihar, da ta Madhya Pradesh suna ganin a rabon gicciye kowa ya tsaya a layinsa. Na Rajasthan, Bombay, Gujarat da Uttarakhand suna ganin buɗaɗɗen layi buɗaɗɗe ne ko ta ina aka bi.

Ranar 18 ga Disamba 2020 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar da aka fi sani da Saurav Yadav. Alƙalai uku ne, Lalit, Ravindra Bhat da Hrishikesh Roy. Suka ce buɗaɗɗen layi ba gadon kowa ba ne, sharaɗin shigarsa maki ne kawai. Idan ka hana 'yar OBC shiga alhali ta fi maki, to ka mayar da rabin guraben nan kason manyan gida ke nan ta bayan fage, kuma babu dokar da ta ware musu. Suka ba da umarnin a ɗauki matan OBC da suka wuce 274.89, ba tare da an kori waɗanda suka riga suka fara aiki ba.

Ni a ganina hukuncin nan daidai ne, kuma hujjarsa mai sauƙi ce. Ware gurabe an yi shi ne ya zama tsani. Idan ya koma rufin da ke hana mai ƙoƙari miƙewa, an juya manufar. Amma ku lissafa: daga 2013 zuwa ƙarshen 2020, shekara bakwai. Yarinyar da ta nemi aiki tana da shekara 20 ta samu tana da 27. Albashin shekarun nan, da girman da sa'o'inta suka samu a aiki, wannan wani zance ne daban.

Kar kuma mu yi kamar ɗaya ɓangaren ba su da ta cewa. Yaron da ya fito daga gidan da ake kira babba, amma ubansa talaka ne futuk, zai ce muku: ni ƙofa ɗaya gare ni, kuma kowa na shigowa ta cikinta, su kuwa biyu gare su. Wannan ƙorafi ne ya kai ga gyaran tsarin mulki na 103 a 2019, aka ware kashi 10 ga talakawan da ba sa cikin waɗancan rukunan uku. A Nuwamba 2022 Kotun Ƙoli ta amince da shi, alƙalai uku a kan biyu. Da wannan, abin da aka ware a tarayya ya kai kashi 59.5, iyakar rabin nan ta 1992 ta tsage kenan.

Akwai wata rigimar da ta fi wannan sarƙaƙiya, ita ce ta sassauci. Masu kaso ba gurabe kawai ake ware musu ba. Ana ɗaga musu shekarun neman aiki, galibi biyar ga SC da ST, uku ga OBC a tarayya. Ana rage musu kuɗin fom. Wani lokaci har awon jiki: a Uttar Pradesh namiji sai ya kai santimita 168, amma ɗan ST 160 ya wadatar. To mutum ya shigo ta sassaucin shekaru, sai ya zo ya doke kowa a jarrabawa. Zai iya hayewa buɗaɗɗen layi?

A 2010, a shari'ar Jitendra Kumar Singh, wadda ita ma kan ɗaukar ƙananan sufetocin 'yan sanda ce a wannan jihar dai, kotu ta ce zai iya. Dalilinta, sassaucin shekaru da na kuɗin fom shigo da kai fili kawai suke yi, ba su ƙara maka ko maki ɗaya ba. Sai a 2017, a wata shari'a ta aikin tarayya, kotun ta ce a'a. Mutane suka ce to wanne za mu kama? Amsar ita ce dokar ɗaukar aikin ce ke yanke magana. Dokar Uttar Pradesh ta yarda da hayewa. Ta tarayya kuwa akwai takardar umarni ta 1998 da ta ce wanda ya ci moriyar sassauci irin na shekaru, a kason mutanensa za a ƙirga shi. A Satumba 2025 kotun ta sake jaddada haka a shari'ar ɗaukar kuratan rundunonin tsaron tarayya: inda doka ta hana ƙarara, babu hayewa.

Ni wannan ɓangaren bai kwanta min ba sosai. Matasa biyu, maki ɗaya, sassauci ɗaya, ɗaya ya nemi aikin jiha ya samu, ɗaya ya nemi na tarayya ya rasa, saboda wata takarda da aka rubuta wataƙila kafin a haife shi. Amma na fahimci abin da kotu ke gudu. Ba ta so ta zama ita ke rubuta dokar ɗaukar aiki bayan an gama jarrabawa. Hasali ma a Nuwamba 2024 alƙalai biyar sun yanke cewa ita kanta hukuma ba ta da ikon canza sharuɗɗa bayan an fara ɗaukar aiki, sai in dokar ta ba da dama tun farko.

Kuma duk wannan lissafi yana aiki ne idan jarrabawar kanta tsaftatacciya ce. A Fabrairu 2024 Uttar Pradesh ta yi jarrabawar cike gurabe 60,244, mutum kusan miliyan 4.8 suka nema. Kusan mutum 80 a kan kujera ɗaya. Tambayoyin suka fita kafin lokaci, matasa suka yi zanga-zanga, gwamnatin Yogi Adityanath ta soke jarrabawar baki ɗaya, aka sake ta a watan Agusta. Ku tuna da wanda ya ci bashin kuɗin jirgin ƙasa ya je ya zauna ta farko.

Na san wasunku tun ɗazu suna cewa ai mu ma muna da irin wannan. Akwai kama, akwai bambanci. Namu rabon na yanki ne: sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce a yi la'akari da kowane ɓangare na ƙasa, shi ya sa ake raba guraben kurata bisa jihohi da ƙananan hukumomi 774, takardar shaidar ƙaramar hukuma ta zama abin nema ido rufe. Babbar shari'ar da muka gani a nan kuwa ba masu neman aiki ne suka kai ta ba. Hukumomi biyu ne ke faɗa kan wa zai riƙe biro: Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda da ofishin Sufeto Janar, a kan ɗaukar kurata 10,000 na 2019. Babbar Kotun Tarayya ta ba Sufeto Janar gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a 2020, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Hukumar a Yuli 2023. Ko shekara ba a cika ba, a Yuni 2024, rundunar ta fito ta yi fatali da jerin sunayen da Hukumar ta fitar, tana zargin akwai waɗanda ko nema ba su yi ba, Hukumar kuma ta musanta.

Abin da ya ba budurwar can damar tsayawa gaban alƙali shi ne lamba biyu da ke hannunta, makinta da makin macen ƙarshe da aka ɗauka, don hukumar jihar ta wallafa kat-of na kowane layi har da ɗigo-ɗigonsa. Cikinku waɗanda suka taɓa cike fom ɗin ɗan sanda, suka je tantancewa, suka zauna jarrabawar kwamfuta, ina so ku gaya min: an nuna muku makinku? An gaya muku a nawa aka tsaya a ƙaramar hukumarku?