Daga Mai Raba Ƙwallo Zuwa Mai Gadi: Abin Da Tarihin Mikel Obi Ke Nunawa Game Da 'Yan Wasan Tsakiya Na Afirka

A watan Yulin 2005, a birnin Utrecht na ƙasar Holan, Najeriya ta buga wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da Ajantina. Ajantina ta yi nasara da ci 2 da 1, kuma Lionel Messi ne ya ci duka biyun da bugun fenareti. Da aka zo rabon kyaututtuka, Messi ya karɓi ta gwarzon gasa, wanda ya bi masa kuwa wani matashi ne haifaffen Jos mai shekara 18, Mikel Obi. A ƙungiyar da Samson Siasia ya horar, komai ta ƙafar Mikel yake bi. Shi ke karɓar ƙwallo a tsakiya, ya ɗaga kai, ya aika ta inda babu wanda ya zata.

Bayan shekara goma da rabi a Chelsea, wannan yaro ya bar kulob ɗin da wasanni 372 da ƙwallaye 6 kacal, ɗaya tak daga cikinsu a gasar Firimiya. Bai lalace ba, bai kuma yi zaman benci ba. Aiki aka canza masa: aka ɗauke shi daga bayan 'yan gaba aka dasa shi a gaban 'yan baya. Har yau a gidajen kallon ƙwallo ana musu a kan ko Chelsea gina shi ta yi ko danne shi. Musun ya wuce batun mutum ɗaya, domin hanyar da Mikel ya bi ita ce ta zama babbar hanyar 'yan wasan tsakiya na Afirka ta kudu da Sahara a Turai.

Yadda abin ya faro

A shekarun 1990, sunayen da Afirka ke alfahari da su a tsakiyar fili masu ƙirƙira ne. Abedi Pele na Ghana ya ɗauki kofin Zakarun Turai da Marseille a 1993. Jay-Jay Okocha ya yi tashe a Jamus, Turkiyya da Faransa kafin ya isa Bolton a 2002. Daga nan sai salo ya juya. A 2003 Claude Makélélé, Bafaranshe haifaffen Kinshasa, ya bar Real Madrid ya koma Chelsea. Da José Mourinho ya zo a 2004, ya ajiye shi shi kaɗai a gaban 'yan baya, ya saki Frank Lampard ya riƙa kutsawa gaba. Chelsea ta ɗauki Firimiya sau biyu a jere, kowane babban kulob kuma ya shiga neman nasa Makélélé.

Afirka ce ta cike wannan gurbi. Michael Essien da Mahamadou Diarra, Alex Song da Cheick Tioté, Victor Wanyama da Idrissa Gueye, Wilfred Ndidi da Thomas Partey, duk sun yi suna ne da ƙwace ƙwallo da toshe hanya. Mikel ya iso Chelsea a 2006, bayan doguwar taƙaddama tsakaninta da Manchester United da kulob ɗinsa na lokacin, Lyn na Norway, wadda ta ƙare da Chelsea ta biya fam miliyan 16. Ya tarar da Lampard, Essien da Michael Ballack sun riƙe wuraren gaba na tsakiya. Ƙofa ɗaya ce a buɗe: ya koyi aikin Makélélé don ya gaje shi. Ya koya, kuma da dattijon ya tafi a 2008, wurin ya zama nasa.

Dalilan da suka haɗu

Dalili na farko na dabarun wasa ne, kuma bai tsaya a kan 'yan Afirka ba. Ƙwallon zamani ya ƙara sauri, masu horarwa suna so kowa ya yi gudu ya matsa wa abokin hamayya. Lamba goma irin ta da, wanda ke jira a kawo masa ƙwallo ya yi ado da ita, ya rasa mazauni. Shi kansa Mourinho, a zuwansa Chelsea na biyu, ya sallami Juan Mata da Kevin De Bruyne a wata guda, Janairun 2014. Duk wanda ya ce wariya ce kaɗai ta mayar da Mikel baya, bai kalli wannan ɓangare ba.

Sai dai akwai bambanci a yadda ake mayar da mutum baya. Andrea Pirlo ma lamba goma ne kafin a janye shi zuwa gaban 'yan baya a Brescia, sannan a AC Milan ƙarƙashin Carlo Ancelotti. Amma an janye shi ne don ya samu sararin tsara wasa, aka kuma ajiye Gennaro Gattuso kusa da shi yana yi masa aikin wahala. Mikel kuwa an janye shi ne don ya yi wa wasu aikin wahalar. Umarninsa shi ne ya karɓa, ya miƙa wa na kusa, kada ya bar wurinsa. A nan dalili na biyu yake: kallon da Turai ta daɗe tana yi wa baƙar fata a fili. A 2020 wani bincike da kamfanin RunRepeat na Denmark ya yi tare da ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta Ingila ya bi kalaman masu sharhin wasanni, ya gano cewa an fi yabon masu hasken fata da basira, masu duhun fata kuma da ƙarfi da gudu. Masu farautar 'yan wasa da masu horarwa a cikin wannan yanayi suka tashi. Wanda ya zo Afirka neman ƙarfi, ƙarfi zai gani, ko da basira na tsaye a gabansa.

Dalili na uku na gida ne. Yaron da ya bar Jos ko Kano ko Kumasi yana da shekara 18 ba shi da bakin musu. Iyaye da ƙanne sun zuba masa ido, wakilinsa na jiran kasonsa, takardar zamansa a ƙasar ta rataya ne a kan kwantiraginsa. Idan koci ya ce ya koma baya, komawa zai yi. Takwaransa ɗan Sifen ko Jamus na iya cewa a'a, ya koma ƙaramin kulob a garinsu ya ci gaba da wasan da ya iya har ya nuna. Namu ba shi da wannan mafaka, domin gasar cikin gida ba ta biya yadda za ta riƙe shi. Makarantun ƙwallo masu zaman kansu ma sun fahimci abin da kasuwa ke saye, sai suka fi tura dogaye masu ƙirji da huhu.

Ribar da aka samu

Adalci ne a faɗi abin da Mikel ya samu. Ya ɗauki Firimiya a 2010 da 2015, ya ɗauki kofin FA fiye da sau ɗaya, ya ɗauki kofin Europa a 2013. A daren wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2012 a Munich, lokacin da Bayern ta yi wa Chelsea ruwan hare-hare a gidanta, ya buga minti 120 cif yana tare hanya, kuma da yawa na ganin wannan ne wasa mafi kyau a rayuwarsa. Masu horarwa sun yi ta zuwa suna tafiya a Chelsea, daga Scolari da Hiddink zuwa Ancelotti da Di Matteo, kusan kowannensu ya ci gaba da sa shi. Mai tsaron tsakiya ba ya rasa aiki, domin kowace ƙungiya na bukatarsa.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suka tsaya a kan lamba goma. Rabiu Ibrahim, ɗan Kano, yana cikin yaran da suka ɗauko wa Najeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu a 2007, har ana kiransa magajin Okocha. Ya je Sporting ta Fotugal, ya je PSV, ya je Celtic, bai samu gindin zama a ko ɗaya ba. Babu mai tabbacin cewa da an bar Mikel a gaba zai zama gwarzon duniya. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi, kuma tarin kofunan da ya tara sun fi ƙarfin a kira su ba daɗi.

Asarar da aka yi

Asarar ta fi faɗa wa ƙasashe. Tun da Okocha ya ajiye rigar Super Eagles a 2006, Najeriya ke neman wanda zai riƙe ƙwallo ya buɗe hanya. Masu horar da ƙasar sun riƙa tura Mikel gaba, suna neman ya yi a mako biyu abin da bai yi a kulob ɗinsa tsawon shekara ba. Duk da haka, a 2013 a Afirka ta Kudu, da Stephen Keshi ya sake masa mara, Ogenyi Onazi na share masa fage, Najeriya ta ɗauki kofin Afirka, Mikel kuma ya zo na biyu a zaɓen gwarzon Afirka na shekarar. A 2016 ya jagoranci ƙungiyar Olamfik zuwa lambar tagulla a Rio. Wannan ya nuna basirar tana nan, amfani da ita ne aka taƙaita. Bayan tafiyarsa matsalar ba ta kau ba: a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a Fabrairun 2024, Najeriya na da Victor Osimhen da Ademola Lookman a gaba, amma Kwaddebuwa ta mamaye tsakiya, ta ci 2 da 1.

Yaya Touré ne hujja mafi ƙarfi a kan girman abin da ake binnewa. A Barcelona mai tsaron tsakiya ne, har ɗan baya aka sa shi a wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2009. Da ya koma Manchester City a 2010, Roberto Mancini ya matsar da shi gaba. A kakar 2013/14 ya ci ƙwallo 20 a Firimiya, ya kuma zama gwarzon Afirka sau huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014. Mutum ɗaya ne, ƙafa ɗaya ce. Abin da ya canza shi ne amanar da aka ba shi.

Ina mafita?

Kukan wariya kaɗai ba zai canza komai ba, domin kulob ɗin Turai bukatarsa yake biya da kuɗinsa. Inda aka ga sauyi, daga tushe aka fara. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Accra, ya fito ne daga makarantar Right to Dream, wadda ke da alaƙa da kulob ɗin Nordsjælland na Denmark. Ya tafi Turai ta hannun mutanen da suka san irin wasansa, ya isa Ajax da West Ham yana nan a matsayin mai kai hari. Maroko ta zuba kuɗi a makarantar Mohammed VI, daga cikinta Azzedine Ounahi ya fito ya burge duniya a Qatar a 2022.

Abin da ake bukata a Najeriya da maƙwabtanta a fili yake: filaye masu kyau inda yaro zai koyi sarrafa ƙwallo a ƙasa, masu horar da yara da aka koya musu aikin, da gasar gida mai biyan albashi a kan lokaci, ta yadda ɗan shekara 18 zai iya ƙara shekara biyu ko uku a Plateau United ko Kano Pillars yana wasa a wurin da ya fi iyawa. Wanda ya tafi Turai da sunansa a matsayin mai tsara wasa, da wuya a canza masa aiki. Mikel ya yi ritaya a 2022 da mutunci da kofuna, ya kuma cancanci yabo a kan haƙuri da biyayyar da suka kai shi can. Nauyin da ke kan hukumomin ƙwallonmu shi ne su tabbatar cewa yaro mai irin baiwarsa da zai taso gobe yana da zaɓi fiye da ɗaya.