Zanen da Ba Ya Tsufa: Haɗa Manhajar Zane da Lissafin Kasuwancinka

Idan kana sayar da kaya ta WhatsApp ko Instagram, ka san inda oda ke ɓacewa: tsakanin "na turo kuɗi" da "an ba mai mashin". Kowa a shagon yana riƙe da tsarin aikin a kansa, ranar da mutum ɗaya bai zo ba sai komai ya cakuɗe.

Maganin farko zane ne: akwatuna da kibiyoyi masu nuna wa ke karɓar oda, wa ke tabbatar da alat, wa ke ɗaure kaya. Don haka aka ƙirƙiri manhajoji irin su draw.io, Lucidchart da Visio, wadda Microsoft ya saya a shekarar 2000. Matsalar ita ce, zanen da aka yi aka ajiye, bayan wata ɗaya ya zama tsohon zance. Farashi ya canza, an ɗauki sabon yaro, zanen bai sani ba.

Shi ya sa ake haɗa zanen da inda bayanan suke. A Visio akwai Data Visualizer: ka jera matakan aikinka a Excel, ita ta mayar da su zane, in ka gyara jadawalin ka sabunta, zanen ya bi. Lucidchart kan jona da Google Sheets, har ka sa akwati ya koma ja idan kayan da ke sito sun yi ƙasa. draw.io kuwa kyauta ce, tana ajiye aiki a Google Drive ko OneDrive, tana zama cikin Confluence da Jira da kamfanoni ke amfani da su, kuma akwai ta kwamfuta mai aiki ba data.

Sai dai fa a kula. Duk ƙarin manhajar da ka jona, izini take nema ta leƙa fayilolinka, ciki har da lambobin kwastomominka. Karanta abin da take nema kafin ka danna amincewa, kuma cire wadda ka daina amfani da ita.

Kafin duk wannan, ɗauki biro da takarda ka zana tafiyar oda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Inda hannunka ya tsaya kana tunanin "wa ke yin wannan ne ma?", to nan kuɗinka ke zurarewa.