Me ya sa majinyaci ke rawar ɗari bayan tiyata, kuma waɗanne na'urori ne ke ɗumama shi?

Sau da yawa akan fito da majinyaci daga ɗakin tiyata yana karkarwa, haƙora na haɗuwa, ko da kuwa ana tsakiyar bazara. 'Yan jinya kan ɗauka zazzaɓi ne, alhali galibi zafin jikinsa ne ya sauka.

Zafin cikin jikin mai lafiya yana kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya yi ƙasa da 36 a lokacin tiyata ko bayanta, likitoci na ɗaukar sa a matsayin matsala.

Babban dalili shi ne maganin sa barci. Yana dakushe sashen ƙwaƙwalwar da ke daidaita zafin jiki, ya kuma buɗe hanyoyin jini, sai ɗumin da ke cikin jiki ya kwararo zuwa fata da hannuwa da ƙafafu. Cikin awa ɗaya ta farko zafin kan ragu da kusan digiri 1. Sanyin ɗakin tiyata, da ƙarin ruwa mai sanyi, da buɗaɗɗen ciki duk suna ƙara ta'azzara lamarin.

Illar ba ta tsaya ga karkarwa ba. Jini ba ya saurin daskarewa, don haka zubarsa kan ƙaru. Magani na daɗewa a jiki, farfaɗowa ta yi jinkiri. Wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a 1996 kan masu tiyatar hanji ya gano cewa ciwon ya kamu da ƙwayoyin cuta a kashi 19 cikin ɗari na waɗanda jikinsu ya yi sanyi, amma kashi 6 kacal a waɗanda aka ɗumama.

A nan fasaha ke shigowa. Akwai bargo mai ƙananan huji da inji ke hura wa iska mai ɗumi, irin su Bair Hugger. Akwai na'urar ɗumama ruwa da jini kafin su shiga jijiya, da siririn ma'auni da ake zurawa ta maƙogwaro don auna zafin cikin jiki.

Agogon zamani irin su Apple Watch Series 8 kuwa zafin fatar wuyan hannu yake aunawa, wanda ya bambanta da na cikin jiki, don haka ba abin dogaro ba ne a nan. Ɗan jinyar da ya ga majinyaci na karkarwa ya lulluɓe shi da bargo, ya sanar da ma'aikatan jinya nan take. Kada ya manna masa kwalbar ruwan zafi, domin fatar da magani bai gama saki ba na iya ƙonewa mai ita bai ji ba.