3.4 Hanyoyin Rage Jinkiri Tsakanin Rassan Kamfani da Gajimare

A wannan sashe za a yi bayanin abin da ke haddasa jinkiri a layukan sadarwa keɓaɓɓu da ke haɗa rassan kamfani da gajimare, wato manyan rumbunan kwamfutoci da kamfanoni irin su Amazon da Microsoft ke bayarwa haya. Sau da yawa akan ɗauka cewa ƙara faɗin layi shi ne maganin jinkiri, alhali nisan da saƙo ke tafiya ya fi tasiri.

Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya a cikin wayar gilashi. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas a shekarar 2010 tana da tsawon kimanin kilomita 7,000. Ke nan zuwa da dawowar saƙo ba zai gaza milisakan 70 ba (milisakan shi ne ɗaya bisa dubu na daƙiƙa). A tsohon tsarin TCP, kwamfuta ba ta aika fiye da kilobait 64 sai ta jira amsa. Idan aka lissafa, gudun ba zai wuce megabit 7.5 a daƙiƙa ba, komai faɗin layin da kamfani ya biya kuɗinsa.

Saboda haka ne ake bin hanyoyi uku. Ta farko ita ce haɗa layi kai tsaye da gajimare ba tare da ratsa intanet ba, kamar Direct Connect na Amazon da aka fara a 2011, da ExpressRoute na Microsoft a 2014. Ta biyu ita ce barin kowane reshe ya fita da kansa. Idan reshen Kano sai ya bi ta hedkwata kafin saƙonsa ya wuce, an ƙara masa zango. Tsarin SD-WAN yakan auna layukan reshe, ya zaɓi mafi sauri. Ta uku kuwa ita ce matse bayanai da hana maimaita aika abin da ya riga ya isa, tare da faɗaɗa ma'aunin TCP kamar yadda aka tanada tun 1992.

Daga bayanan da suka gabata za a iya fahimtar cewa kamfanin da bai fara auna jinkiri ba, zai iya kashe kuɗi masu yawa a kan faɗin layi, ma'aikatansa kuma su ci gaba da jira a gaban kwamfuta. Sashe na gaba zai dubi yadda ake yin wannan awo.